Sana'ar Manhaja, Daga Zamanin Ƙunci Zuwa Zamanin Israfi

Sana'ar rubuta manhaja, watau tsara umarnin da kwamfuta ko wayar hannu ke bi har ta aikata abin da ake nufi da ita, yarinya ce in an gwada ta da ƙira ko jima ko saƙa, domin ba ta fi shekara 80 da haihuwa ba. Amma cikin wannan taƙaitaccen zamani ta riga ta ga abin da waɗansu sana'o'i ba su gani ba cikin ƙarnoni, gama ta tashi cikin ƙuncin da ke tilasta wa mutum ya ƙirga kowane harafi kafin ya rubuta shi, sa'an nan ta wayi gari cikin yalwar da ta sa ma'abotanta suka bar ƙirga komai. Abin da nake nufin bin diddiginsa shi ne yadda aka yi wannan ƙaura, da wanda ya biya kuɗin hanya, domin a ganina nauyin da magabatan wannan sana'a suka ɗauka bisa kawunansu bai ɓace ba, sauke shi aka yi aka aza wa mai saye. Ma'aunin da za mu riƙa aunawa da shi kuwa mai sauƙi ne: bait ɗaya shi ne gurbin harafi ɗaya na boko, dubunsa kilobait, dubun kilobait megabait, dubun megabait gigabait.

A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da ma'ajin faifai na farko da aka kai kasuwa, mai faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, alhali dukansu ba su ɗaukar abin da ya wuce haruffa miliyan 5, abin da hoto ɗaya ko biyu na wayar yau zai cinye. Wanda ya yi aiki da irin wannan na'ura ba ya bukatar a yi masa wa'azin tsimi. Amma misalin da ya fi kowane bayyana halin wancan zamani shi ne na kwamfutar da ta ja ragamar kumbon Apollo har ya sauka bisa wata ran 20 ga Yuli 1969. Duk umarnin da ke cikinta an tsare shi cikin gurbi 36,864, kimanin kilobait 72, wurin lissafinta kuma gurbi 2,048 ne kacal. Masanan cibiyar MIT da ke kusa da Boston su suka rubuta umarnin, cikinsu har da Margaret Hamilton wadda ta shugabanci sashen manhajar jirgin. Amma mata ne a masana'antar Raytheon suka mayar da shi abin taɓawa, suna zura siririn zaren tagulla cikin 'yan zobban maganaɗisu, in zaren ya bi ta cikin zobe ya zama ɗaya, in ya kewaye shi ya zama sifiri, har a saƙa igiyar duka cikin makonni masu yawa. Saboda haka ya zama wajibi a rufe rubutu watanni kafin ranar tashi, kuskure ɗaya kuma yana iya jawo warware aikin hannu mai tsawo. Mutumin da ya san kowane layin da ya ƙara wata baiwar Allah ce za ta zauna ta saƙa shi da allura, lalle zai tambayi kansa sau biyu ko layin nan yana da hujjar zama. An kuwa ga amfanin wannan tarbiyya ana daf da sauka, sa'ad da aiki ya yi wa na'urar yawa ta fara ƙararrawar nan mai lamba 1202: da yake an riga an jera mata ayyuka bisa darajarsu, sai ta yar da ƙanana ta riƙe manya, aka sauka lafiya.

Shekara shida bayan haka, cikin 1975, waɗansu samari, Bill Gates da Paul Allen da abokinsu Monte Davidoff, suka rubuta wa ƙaramar kwamfutar nan Altair harshen BASIC, suka matse shi har ya shiga kilobait 4, ya kuma bar ɗan gurbin da mai na'ura zai rubuta nasa. Allen ya ɗauke shi bisa zaren takarda mai huji ya kai garin Albuquerque, wannan kuwa shi ne mafarin kamfanin Microsoft. A ɗakunan binciken Bell kuma, Ken Thompson da Dennis Ritchie sun kafa tsarin Unix tun 1969 bisa wata na'ura da ake ganin ta tsufa, abokin aikinsu Douglas McIlroy ya ba su ƙa'idar da suka zauna a kanta, cewa kowace manhaja ta tsaya ga aiki ɗaya ta kyautata shi, in ana son babban aiki sai a jona ƙanana bi da bi. Zuciyar Unix ta bugu na shida ba ta kai layi 10,000 ba, har wani malami a Sidni ta Ostareliya, John Lions, ya buga ta dukanta tare da sharhi, ya riƙa karantar da ita ga ɗalibansa cikin zango guda. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni cikin labarin duka, cewa an yi zamanin da mutum ɗaya zai iya karanta tsarin kwamfuta daga farko har ƙarshe ya fahimce shi. Har masu wasannin yara sun bi wannan sunna, domin wasan Super Mario Bros. da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985 kilobait 40 ne, gajimaren da ke samansa da ciyawar da ke ƙasansa kuma zane ɗaya ne aka sauya masa launi.

Sai dai adalci ya hana mu mayar da wancan zamani aljanna, domin taƙaitawa ita ma tana da nata sharri in ta ƙetare haddi. Almajiran fiƙihu sun san yadda Shehu Halil ya matse mazhabar Maliku cikin Muhtasar, matsewar da ta sa ba mai iya shiga littafin sai da jagorancin sharhin Dardiri da hashiyar Dasuƙi da makamantansu. Haka manhajojin farko da yawa suka kasance, cike da dabarun da ba mai gane su sai wanda ya ƙulla su, in ya mutu ko ya bar aiki sai a rasa mai kwancewa. Mafi shahara daga cikin basussukan da tsimi ya bar wa 'yan baya shi ne na rubuta shekara da lamba biyu maimakon huɗu, saboda katin da ake hudawa gurbi 80 kaɗai gare shi. Bob Bemer ya yi gargaɗi a kan wannan tun 1971, ba a saurare shi ba, har sai da shekarar 2000 ta gabato, aka tsorata kada na'urori su ɗauke ta 1900, gwamnatoci da bankuna suka kashe dukiyar da aka ƙiyasta da ɗaruruwan biliyoyin daloli wajen gyara.

Abin da ya kawo ƙarshen ƙuncin, Gordon Moore ya hango shi tun 1965, sa'ad da ya lura cewa adadin ƙananan sassan da ake iya cusawa cikin guntun silikon ɗaya yana ninkawa a kai a kai, daga baya ya tsayar da lissafinsa bisa kowace shekara biyu. Haka kuwa aka yi ta yi shekaru da dama, ƙwaƙwalwar na'ura tana ƙaruwa, farashinta yana faɗuwa. Duk da haka wani shinge ya saura, shi ne na abin da ake zuba manhaja a ciki a kai wa mai saye. Faifan filofi megabait 1.44 yake ɗauka, kowane faifan da aka ƙara cikin kwali kuɗi ne daga aljihun kamfani, saboda haka ko Windows 95, da duk girman da aka ga ya yi, an tattara shi cikin faifai 13. Da faifan CD ya zo da megabait 650, daidai da filofi fiye da 400, sai shingen ya yi nisa. Da intanet mai sauri ta zo, sai ya faɗi gaba ɗaya, gama yanzu mai manhaja ba ya buga faifai, ba ya ɗinka kwali, mai saye ne ke sauke kaya da kuɗin datarsa. Ana iya bin sawun wannan a tarihin Ubuntu, tsarin Linux da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004: shekara takwas masu shi suna yanke-yanke don ya shiga CD ɗaya, wanda har 2011 suke aika wa duk mai so kyauta ta gidan waya, kowace ƙasa yake, a ƙarshen 2012 suka saki wannan iyaka, bugun 2024 kuwa ya haura gigabait 5. Mutanen sana'ar sun daɗe da yi wa lamarin kirari, suna cewa duk abin da Andy Grove na kamfanin Intel ya bayar na sauri, Bill Gates yakan karɓe shi.

Wanda ya tsaya ya yi inkari da hujja shi ne Niklaus Wirth, malami a jami'ar ETH ta Zurich a Suwizalan, mai harshen Pascal, wanda aka ba lambar Turing a 1984. A watan Fabrairu 1995 ya buga wata maƙala yana roƙon a koma ga manhaja marar teɓa, inda ya tuna wa mutane cewa shekara 25 kafin nan ana rubuta manhajar gyaran rubutu cikin bait 8,000, ta zamaninsa kuwa tana neman ninkin haka sau ɗari ba tare da ta ninka amfani sau ɗari ba; ya kuma yaɗa maganar da ya jingina ga Martin Reiser, cewa manhaja tana ƙara nauyi fiye da yadda na'ura ke ƙara sauri. Sabubban da ya ambata har yau ba su tsufa ba. Akwai kamfanonin da ke karɓar duk wani ƙari da wani mai saye ya nema, ba su rarrabe lalura da ƙawa, domin da yawan ƙari ake tallar sabon bugu. Akwai gaggawar riga abokin hamayya shiga kasuwa, wadda ba ta barin lokacin tacewa. Akwai kuma ruɗin da ke sa mutane su ɗauki abin da ya rikice musu a matsayin abin da ya yi zurfi. Bai kuwa tsaya ga zance ba. Tsakanin 1986 da 1989, shi da Jürg Gutknecht, su biyu, sun rubuta cikakken tsarin kwamfuta mai suna Oberon, da wurin rubutu da mai fassara umarni duka, cikin abin da bai kai kilobait 200 ba, suka buga shi littafi don kowa ya duba, aka kuma yi shekaru ana aiki da shi a jami'arsu.

An yi masa raddi, raddin kuma yana da ƙarfi. Joel Spolsky, wanda ya yi aiki kan Excel a Microsoft, ya rubuta a 2001 cewa gaskiya ne kowane mutum ɗan kaɗan yake amfani da shi daga abin da ke cikin manhaja, amma ɗan kaɗan ɗin wannan dabam yake da na wancan, saboda haka duk abin da ka cire ka kori wani. Ya ƙara da cewa farashin ma'aji yana faɗuwa fiye da yadda manhaja ke girma, har ta fi arha wajen ajiyewa ko da ta ninka. Mu masu rubutu da Hausa ba mu da bakin musa sashen farko na wannan hujja, domin tsarin haruffa na da, mai alama 128, bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, balle ajami. Sai da aka kafa tsarin Unicode daga 1991, aka yarda manhaja ta ƙara nauyi don ɗaukar rubutun al'ummai, sa'an nan haruffanmu suka sami gurbi. Haka muryar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, da makullan da ke tsare kuɗin mutum a banki, da umarnin da ke sa tsari ɗaya ya yi aiki da dubban na'urori iri-iri, wanda shi ne mafi yawan abin da ya kai zuciyar Linux daga layi kimanin 10,000 a 1991 zuwa fiye da miliyan 30 a yau. Duk wannan girma ne na halal, ba mai hankalin da zai kira shi israfi.

Amma akwai wani girman da ba ya cikin wannan babi, shi ne kuwa ya rinjaya cikin shekarun baya-bayan nan. Da lokacin marubuci ya fi ƙwaƙwalwar na'ura tsada, sai sana'ar ta koma ta aro: mutum ba ya rubuta abin da wani ya riga ya rubuta, sai ya jawo ƙunshinsa, wannan ƙunshi ya jawo waɗansu goma, kowannensu ya jawo nasa, har ƙaramin aiki ya wayi gari yana jingine da ƙunshi ɗaruruwa waɗanda mai aikin bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Aron ilmi ba laifi ba ne, da shi duniya ta ci gaba. Laifin shi ne a ɗauko dukan kaya saboda abu ɗaya da ake so a cikinsu. Tun 2013 da kamfanin GitHub ya fito da abin da aka sani yanzu da suna Electron, manhajoji irin su Slack da Discord kowace tana tafe da cikakkiyar manhajar shiga intanet a cikinta, watau Chromium, ta yadda wanda ya sa uku irinsu ya ajiye abu ɗaya sau uku, kowanne ya haura megabait 100, kowanne yana cin ƙwaƙwalwa da batir a gefensa. Raunin wannan sarƙa ya fito fili a watan Maris 2016, sa'ad da wani marubuci ya yi fushi da masu rumbun npm, inda ake ajiye irin waɗannan ƙunsoshi, kan rigimar suna, ya janye ƙunshinsa duka, cikinsu har da wani mai layi 11 wanda aikinsa kawai ya cike gurbi a hagun kalma. Nan take dubban ayyuka a duniya suka tsaya, sai da masu rumbun suka mayar da shi da ikonsu.

Sashe na biyu na hujjar Spolsky, wato arhar ma'aji, lissafi ne da aka yi da aljihun ma'aikacin Amurka. Wanda ya zaga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko makamantanta a Yamai da Akara, zai ji kukan da ba ya ƙarewa, cewa waya ta cika, ko ta yi nauyi, ko data ta ƙare tun ba a gama sauke sabon bugu ba. Zai ga mutum yana share hotunan iyalinsa don ya sami gurbin manhajar banki, ya ga matasa suna tura wa juna manhaja ta Xender don kada kowa ya biya kuɗin saukewa. Wayar lafiyarta lau, allonta da batirinta suna aiki, manhaja ce ta yi mata girma. Haka yake a manyan na'urori: Windows XP na 2001 gigabait 1.5 ya nema, Windows 11 na 2021 kuwa 64, tare da sharaɗin wani guntun tsaro da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi, ran 14 ga Oktoba 2025 kuma aka janye tallafin yau da kullum ga Windows 10. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani sashe na irin wannan shara ya riƙa ƙarewa a wurare irin su Agbogbloshie ta Akara, inda matasa, da yawansu 'yan arewacin Gana, suka yi shekaru suna ƙona wayoyin lantarki suna shaƙar hayaƙi don su cire tagulla. Ban ce kumburin manhaja kaɗai ya tara wannan juji ba, amma yana cikin masu turo kaya gare shi.

Dalilin da ya gamsar da ni cewa mas'alar ta niyya ce, ba ta iyawa ba, shi ne abin da kamfanonin suka aikata ranar da asarar ta taɓa su. A farkon 2015 Facebook ya gwada Facebook Lite a ƙasashe kaɗan, Nijeriya da Sudan suna ciki, manhajar da ba ta kai megabait 1 ba, alhali tana yin mafi yawan abin da babbar ke yi. A 2017 wani ma'aikacin Google ya bayyana cewa duk ƙarin megabait 6 a girman manhaja yana rage masu kammala saukewa da kimanin kashi 1 cikin 100, cikin shekarar kuma kamfanin ya sanar da Android Go domin wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ilmin Wirth yana nan a ƙirazan masu sana'a, ga SQLite na Richard Hipp shaida, ma'ajin bayanan da ke cikin kusan kowace waya, wanda girmansa ke kusan megabait 1. Sai dai ba a kiran wannan ilmi sai ranar da mai kuɗi ya ga amfaninsa.

Saura mafsada mafi girma, wadda ba ta bar mai kuɗi ba balle talaka, ita ce cewa abin da ya fi ƙarfin karantawa ya fi ƙarfin tsarewa. A watan Disamba 2021 aka gano ɓaraka a Log4j, ƙunshin da aikinsa kawai rubuta abin da ke gudana cikin na'ura, saboda wani ƙari da aka yi masa tun 2013 wanda mafi yawan masu amfani ba su san da shi ba. Kamfanoni da ma'aikatun gwamnati suka kwana makonni suna bincike, tambayarsu ta farko ma ita ce ko suna da shi a cikin kayansu. Wirth ya rasu ran 1 ga Janairu 2024, bayan wata uku kuma aka ga abin da ya fi wannan muni. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakon mutum ɗaya tilo da ke kula da xz, ƙunshin matse bayanai, har aka ba shi amana, sa'an nan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa wadda za ta buɗe masa kwamfutocin duniya ta hanyar OpenSSH, mai gadin shiga manyan na'urori daga nesa. OpenSSH ba ta da wata hulɗa da xz. Waɗansu masu tsara Linux, irin su Debian da Fedora, su suka jona ta da babban ƙunshin systemd don ta riƙa aika ɗan saƙo ɗaya cewa ta tashi, shi kuwa ƙunshin ya jawo xz a bayansa. Allah ya sa wani injiniya, Andres Freund, ya lura da jinkirin rabin daƙiƙa wajen shiga na'urarsa, ya ƙi ƙyalewa har ya tono asalinsa, ya sanar ran 29 ga Maris, tun abin bai kai ga bugun da jama'a ke amfani da shi ba. Gyaran da aka yi na ragi ne: masu systemd suka mayar da ƙunsoshin matsewa abin da ba a ɗauko shi sai an bukace shi, masu OpenSSH kuma, a bugunsu na Yuli 2024, suka rubuta aika wannan saƙo da hannunsu cikin 'yan layuka, suka yanke jinginar gaba ɗaya.